Shekarar da Na Bar Mustafa a Bakin Kubri

Na san abin da ake faɗa a tsakar gida idan na fita masallaci. Na kuma ji abin da 'yar uwarmu Amna ta faɗa wa uwarku ta waya daga Jidda, don muryar Amna ba ta ɓuya ko an shige da wayar ɗaki: wai ni na ja yayanku Mustafa zuwa bakin mutuwa saboda tarkacen kwamfuta, na kuma juyo gida na bar shi a hannun masu bindiga. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Wanda ba ya wurin dole ya cike abin da bai gani ba da zato. Amma Mustafa ba ya son maganar, ni kuwa ƙarfina raguwa yake yi, idan na yi shiru labarin zai isa ga jikoki a karkace. To, ga yadda aka yi.

Kun san kakana ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, gonakin audugar Jazira suka tsayar da shi. Ni a Omdurman aka haife ni. Tun ina saurayi na kama gyaran rediyo, daga nan talabijin, a wani ɗan shago a kasuwar Suk al-Arabi wanda idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Kullum da safe in haye kubri, wato gadar kogi, zuwa Khartoum, da yamma in hayo gida. Da sana'ar ta fara mutuwa, saboda mutane sun koma jefar da abin da ya lalace su sayi sabo, Mustafa ne ya tayar da shagon. Ya kawo abin da 'yan kasuwa ke kira kart shasha, wani kati mai tsawon tafin hannu da fanka a jikinsa, wanda ake sokawa cikin kwamfuta. Shi ne yake zana hoton wasa a fuskar allo. Sabo ya fi ƙarfin aljihun ɗan unguwa, don haka tsofaffi yake sayarwa, waɗanda aka gama yayinsu a ƙasashen waje ake turo su cikin kwali. Samari daga Bahri, daga Alhilla Kuku, har daga Madani, suna zuwa da abin da suka tara su ce ya zaɓa musu.

Ba ya sayar da kati sai ya gwada shi a gaban mai saye. Yana da wata kwamfuta a kan tebur ba murfi, da faifai ɗaya da ya cika da wasanni, na ƙwallo da na tseren mota da na harbi. A kusurwar allo akwai wata lamba mai ƙirga hoto nawa katin yake zanawa a sakan. Idan ta kai sittin, wasa yana tafiya kamar ruwa. Idan ta faɗo ƙasa da talatin, sai ɗan ƙwallo ya riƙa ɗingishi. Ni da na saba da ƙarfen gasa dalma, a hankali na koyi kallon wannan lamba, na kuma koyi buɗe katunan in share ƙura in sake musu man sanyaya.

Iri biyu ne suka fi tafiya a shekarar, mu a shago muna ce musu Ja da Kore, saboda launin kwalinsu. Ja babba ne, fanka biyu, ƙwaƙwalwarsa giga takwas, yana ɗaukar sababbin wasanni da kyan hotonsu, ga shi da araha. Amma cin wuta gare shi, sai an jawo masa wayarsa ta daban daga akwatin wutar kwamfuta, kuma yawancinsu sun sha aiki dare da rana a wurin masu haƙar kuɗin intanet kafin su iso mana, sun gaji. Kore ƙarami ne, fanka ɗaya, giga huɗu. Sabon wasa sai an rage masa kyan hoto kafin ya yi gudu. Sai dai ba ya neman wata waya, ɗan abin da ya samu a ramin da aka soka shi ya ishe shi, kuma ba ya zafi. Akwai na tsakiya mai giga shida da mu duka muka yarda ya fi su daidaito, amma farashinsa ba ya sauka, don haka ba ma musu a kansa. A kan Ja da Kore kuwa mun yi shekara muna ja-in-ja, har maƙwabtanmu a kasuwa suna zuwa da kofin shayinsu su saurara.

"Yaba, abin a fili yake," in ji Mustafa, don haka yake kirana. "Kuɗinsu kusan ɗaya, amma dubi lambar. Ja ya yi wa Kore nisa. Wanda ya sayi Kore ya biya kuɗin doki ya hau jaki."

"Ka sa zafin Khartoum a lissafin?" na ce. "Ka sa wutar kahraba da ake ɗaukewa ana maidowa? Wanda ya sayi Ja sai ya sake sayen akwatin wuta, arahar ta tafi."

"Wannan maganar masu gyara ce. Mai wasa hoto yake so."

"Mai wasa wurin mai gyara yake ƙarewa."

Sai ya yi dariya ya juya ga mai saye ya koma Larabci, ya ce masa ya ji bakin biyu, ya zaɓa. Gaskiya ita ce kowannenmu yana da tasa hujjar. Yaron da ke da kwamfuta mai ƙarfi da ɗaki mai sanyi, Ja ya fi masa riba. Wanda ya gaji tsohuwar kwamfutar ofis daga wurin kawunsa, Kore kaɗai zai tashi a cikinta.

Sai ga azumin da kowa ya sani, wanda yaƙi ya ɓarke a cikinsa. Ranar Asabar da safe muna shirin fita sai muka ji ƙara daga wajen Khartoum, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Muka ce kafin la'asar za a sasanta. Ba a sasanta ba. Jirage suka riƙa wucewa ta saman rufin gidanmu, ruwan famfo ya tsaya, wuta ta tafi. Muka jawo gadaje zuwa ɗakin tsakiya mai rufin siminti, yara suna kwana a ƙarƙashinsu. Maƙwabcinmu mai sayar da gawayi ya fita layin burodi, aka dawo da shi a kan ƙyauren ƙofa. Ni da na yi shekaru ina taɓa wayar wuta da hannu ban san tsoro ba sai a lokacin: idan ƙofa ta motsa sai in zabura, idan ta yi shiru kuma in kasa zama. Salma, matar Mustafa, cikinta ya tsufa, asibitin da take zuwa awo an rufe shi. Uwarku Hajja Kaltum maganin sukarinta yana son sanyi, firiji kuwa ya zama akwati. Kowa a unguwa yana neman motar fita gari, kuɗin mota ya yi tashin da ba a taɓa ji ba, bankuna a rufe, abin da ke cikin waya kuma ba ya fita.

Salma ce ta fara ciro zinaren aurenta ta ajiye a gaban mijinta. Ya tura mata shi.

"Mayar da abinki. Dukiyata tana can kwance a shago, kwalin katuna guda da ya iso kafin azumi. Jaka ɗaya za ta ɗauke su. Akwai wanda zai saya a nan Omdurman ya kai Masar."

Na ce ban yarda ba. Hajja ta ce ba ta yarda ba. Da aka sanar a rediyo cewa an yi hudna, an dakatar da wuta na ɗan lokaci, sai na gan shi bayan sallar asuba yana ɗaura takalmi. Namiji ne mai mata, ba yaron da zan kulle a ɗaki ba. Abin da na iya shi ne na ɗauki jallabiyata na bi shi, da tunanin furfura tana sassauta zuciyar mai bindiga. Wannan shi ne na farko da nake so ku riƙe: ban ja shi ba, bin sa na yi.

Raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta kai mu kusa da kubri ta juya. Muka haye da ƙafa cikin wasu mutane masu ɗauke da ƙullin kaya, ba mai magana da wani. Suk al-Arabi da na sani, inda ba ka jin muryar na kusa da kai don hayaniyar masu kiran fasinja, na same ta ba kowa sai karnuka. Shaguna a fashe, wasu suna hayaƙi. Akwai wari da ba zan bayyana muku ba, muka rufe hanci da hannun riga muka daina duban gefen hanya. Shagonmu an karya ƙofar, an kwashe talabijin da wayoyi, amma kwalin yana nan a ƙarƙashin tebur, masu wasoso sun buɗe sun ga ba su san mene ne ba sun bar shi. Mustafa ya zuba katunan a jaka, ya zare faifan gwajinsa ya jefa a ciki. Ni na ja masa zif.

A dawowa, wajen Mugran, kafin a hau kubri, muka tarar da shingen da babu shi da safe. Mota mai bindiga a baya, da samari da suka naɗe fuska da rawani. Ɗaya ya zazzage jakar a kan kwalta. Ya ɗauki kati ɗaya, ya juya fankar da yatsa, sai na ga idonsa ya sauya.

"Musayyara," ya ce. Haka ake kiran jirgin nan marar matuƙi da ke jefa musu wuta daga sama. "Ga farfelarta. Waɗannan ne masu haɗa ta."

Na durƙusa a ƙasa. Na ji bakin bindiga a ƙeyata, da zafin rana a jikin ƙarfen. Mustafa yana ta rantsuwa cewa kayan wasa ne, na yara ne, wani ya buge shi da gindin bindiga a kunne ya faɗi. Ina karanta kalmar shahada ina tuntuɓe a tsakiyarta in sake daga farko. Sai babbansu ya fito daga wani ginin ofis da suka mayar masauki, mutum ne marar ƙiba, mai sanyin murya, wanda ya fi masu ihun ban tsoro. Ya saurari Mustafa, ya sa aka shigar da mu ciki. Akwai kwamfutocin ma'aikata a kan tebura, da ɗan janareta a tsakar gida yana tari.

"Ka ce na wasa ne," in ji shi. "To a yi wasa. In hoto ya fito, ku 'yan kasuwa ne. In bai fito ba, na san ko ku su wane ne."

Mustafa ya buɗe murfin kwamfuta ɗaya, jini yana bin wuyansa. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga abin da ya gani: ƙaramin akwatin wuta irin na ofis, ba shi da wayar da babban kati yake nema. A daidai nan mutumin ya sunkuya ya zaɓi Ja, mai fanka biyu, ya miƙa masa.

"Wannan babban nake so in gani."

"Wannan ba zai tashi a nan ba, ranka ya daɗe. Yana son wutar da injin nan ba shi da ita."

"Wato shi ba na wasa ba ne."

Na ji wani ya gyara bindigarsa a bayanmu. Mustafa ya ɗauki Kore ya haɗa shi da Ja gefe da gefe, ya nuna masa haƙoran zinaren da ke ƙasansu iri ɗaya ne, ramin da ake sa wayar allo iri ɗaya ne, ya ce uwa ɗaya uba ɗaya suke, babba da ƙarami. Ya roƙi a bar shi ya fara da ƙaramin. Mutumin ya ɗaga haɓa, alamar ya yarda.

Ya soka katin, ya haɗa faifansa, ya danna. Fanka ta juya. Allo ya tsaya baƙi. Na sha ganin allo ya tsaya baƙi a shago kafin ya kawo, ban taɓa sanin yana daɗewa haka ba. Janareta ya yi tari, fitilar ɗakin ta yi ƙasa, na rufe ido. Da na buɗe sai ga rubutu, sai ga hoto, sai Mustafa ya buɗe wasan ƙwallo, koren fili ya cika allo, 'yan kallo suna ihu ta cikin ƙaramar lasifika. Samarin nan da suka kusa kashe mu suka jingine bindigogi suka yi cincirindo, suna ture juna, kowa yana cewa shi ne farko. Wasunsu ko gemu bai fito musu ba. Babbansu ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar Mustafa.

"Tsoho ya tafi. Injiniya ya zauna, shi da kayansa."

Na kama ƙafarsa. Na ce ni ne mai gyara, ni na koya masa, a riƙe ni a sake shi, matarsa tana gab da haihuwa. Ya tambaye ni ko na iya kunna wasan. Na buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita, don da an ce in gwada da mu duka mun halaka. Sai Mustafa, ba tare da ya ɗago daga allon ba, ya yi mini magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, kamar yana faɗin wani abu game da injin.

"Yaba, tashi ka tafi tun bai sake shawara ba. Ka kwashe su ku bar garin. Kada ku jira ni. In ka jira ni har wani abu ya sami Salma, ban yafe ba."

Wani dogo da ke tsaye a bakin ƙofa ya matso ya ɗaga ni da hannu ɗaya. Yana tura ni waje ya ce a kunnena, da Hausa tsantsa:

"Ka ji maganar ɗanka, baba. Kada ka waiwaya."

Ban san ko ya taimake mu ba ne ko zai juya ya fassara musu. Haka na haye kubrin nan ni kaɗai, ina jiran harsashi a bayana har na sauka.

Uwarku, kun sani, ba ta taɓa kiran sunan Mustafa ba, ɗan fari ne, "wancan" take cewa ko "yayansu". Da ta ga na shigo ni kaɗai, ta duba bayana, ta fita har bakin titi ba mayafi tana kiran sunansa. Washegari na koma kubri, harbi ya dawo, aka kore mu tun daga nesa. Na sake komawa, haka. Sannan wani abu ya faɗo a gidan da ke bayan namu ya rushe katangarmu, Salma ta fara ciwon mara. Na zauna a kan ɓaraguzan katangar ina juya maganar da ya yi mini. Hajja ta ce ita ba inda za ta. Na ce za ta. Tun aurenmu ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Zinaren da ya ƙi a sayar, shi aka sayar. Na gaya wa ladanin masallacinmu, wanda ya rantse ba zai bar unguwa ba, cewa mun nufi Gadarif wurin dangin Hajja. Wannan shi ne na biyu: na bar shi, gaskiya ne, kuma da izininsa na bar shi. Hajja ba ta yi mini magana ba duk tsawon hanyar, ta kuma daɗe ba ta yi ba bayan mun isa.

Abin da ya same shi a can sau ɗaya ya faɗa mini, daga baya, ban kuma sake tambaya ba. Aikinsa shi ne kada wasa ya tsaya. Idan hoto ya daskare, a kansa ake hucewa. Idan babban ya sha kashi a ƙwallo, injin ne da laifi, wato shi. Sauran katunan sun rarraba su ga abokansu ko sun watsar, ba abin da ya rage sai ƙaramin nan, ga ƙura ga zafi. Kullum da safe yakan cire shi ya share da gashin tsuntsu. Da fankar ta fara kuka, sai ya roƙi dogon nan ɗigon man bindiga ya ɗiga mata. Ya ce ba ya jin tsoron ƙarar jirgi kamar yadda yake jin tsoron fankar nan ta yi shiru. Ranar da wuta ta faɗa wa ginin kowa ya watse, dogon ne ya nuna masa wani lungu da haɓa, ya juya baya. Ya ɓuya a gidajen da ba kowa, ya samu ya haye kogi da kwalekwalen masunta, ya isa wurin ladani. Kunnen da aka buga bai sake ji da shi ba.

Mu duk ba mu san wannan ba. Salma ta haihu da damina, namiji, na yanka rago na sa masa Abdurrahman. Amma tsofaffin gidan da muka sauka sun riga sun yanke hukunci a zuciyarsu. Suna raɗa wa Salma maganar takaba, yaron kuma suka fara kiran sa Audi, sunan da ake ba wanda ubansa ya rasu kafin a haife shi. Na hana, suka daina a gabana, suna yi a bayana.

Lokacin yankan riɗi, wata rana bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida sai wata babbar mota ta sauke wani mutum a bakin hanya. Na gan shi yana tambayar yara, na ɗauka mabaraci ne. Sai da ya tsaya a gabana ya ce "Yaba" sannan na gane shi. Ba zan iya ba ku labarin abin da uwarku ta yi ba. Bayan an natsu an ba shi ruwa, ya zauna a bakin gado, Salma ta ɗora masa yaron a cinya tana kuka ba sauti. Ya daɗe yana kallon sa. Sai wata 'yar yarinya ta gidan, wadda ba ta san komai ba, ta matso ta ce:

"Audi ne sunansa."

Kowa ya sunkuyar da kai. Mustafa ya juyo da kunnensa mai ji, ya sa ta sake faɗa. Sannan ya dube ni.

"Yaba, har an yi mini sadaka?"

"Ba a yi ba," na ce. "Na hana. Sunansa Abdurrahman."

"Ko an yi ban ga laifin kowa ba. Ni ma na sha yi wa kaina."

Ya ɗaga yaron, ya kai bakinsa kunnensa na dama, ya kira salla a hankali tun daga farko har ƙarshe, muryarsa tana karyewa yana ci gaba, kamar a ranar aka haife shi. Tun daga lokacin ba wanda ya sake cewa Audi a gidan.